Ibnu Haldun, malamin da ya binciki haraji da kasuwa da mulki

Yau shekara sama da 600 ke nan da rasuwar Abdurrahman Ibnu Haldun, amma har yanzu malaman jami'o'i masu nazarin tattalin arziki ba su daina buɗe littafinsa ba. Dalili kuwa shi ne, yana cikin mutanen farko da suka zauna suka yi bincike mai zurfi a kan tambayar da kowane ɗan kasuwa da kowace mai rumfa ke yi idan ciniki ya tsaya: mene ne ke sa kasuwar gari ta cika ta batse a wani zamani, sa'annan a wani zamanin ta koma kufai? Abin da ya gano shi ne ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa ciwon kasuwa daga fada yake farawa. Ya kai ga wannan magana ne bayan ya yi wa sarakuna da dama aiki, ya karɓar musu haraji, ya sha ɗauri a hannunsu, ya kuma ga faɗuwarsu da idonsa. Ga tarihinsa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi a birnin Tunis ranar 1 ga watan Ramadan, shekara ta 732 bayan Hijira, daidai da 27 ga Mayu 1332. Danginsa suna danganta kansu da Hadramaut ta ƙasar Yaman. Kakanninsa sun yi ɗaruruwan shekaru a birnin Ishbiliya na Andalus, wanda yau ake kira Sebil a ƙasar Espanya, suna cikin manyan gari. Da suka ga alamar birnin zai faɗa hannun Kirista, abin da ya faru a 1248, sai suka ƙetaro teku, daga baya suka zauna Tunis a ƙarƙashin sarakunan Banu Hafs.

Gidansu ya san daɗin fada, ya kuma san ɗacinta. Kakan mahaifinsa shi ne ya riƙe baitulmalin ƙasar. Da wani mai suna Ibnu Abi Umara ya ƙwace mulki wajen 1283, sai ya sa aka kama shi, aka gana masa azaba, aka kwashe dukiyarsa, aka kashe shi. Mahaifin Ibnu Haldun kuwa sai ya guje wa sarauta, ya rungumi karatu.

Yaron ya haddace Alƙur'ani, ya karanci Larabci da hadisi da fiƙihun mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasashenmu. A 1347 sarkin Fas, Abul Hasan, ya ci Tunis, ya zo da tawagar malamai. Daga cikinsu akwai Al-Abili, wanda ya koya wa saurayin lissafi da ilimin manɗiƙi, ya saba masa da tambayar dalilin kowane abu. Shekara guda bayan haka annoba mai tsanani ta shigo Tunis, ta kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da yawa, yana ɗan shekara 16. Daga baya ya rubuta yadda wannan annoba ta watse garuruwa, ta kashe hanyoyi, ta raunana dauloli a gabas da yamma.

Daga fada zuwa fada

Yana da shekara kamar 20 aka ba shi aikin rubuta alamar sarki a kan takardun fadar Tunis. Aikin bai gamsar da shi ba, sai ya sulale ya nufi yamma. A 1354 ya isa Fas, inda sarki Abu Inan ya sa shi cikin magatakardansa. Ba a daɗe ba aka zarge shi da ƙulla makirci tare da wani ɗan sarkin Bijaya mai suna Abu Abdullahi, aka jefa shi kurkuku a 1357. Ya kusa shekara 2 a ɗaure, bai fito ba sai da Abu Inan ya rasu. Bayan fitowarsa ya taimaka wa Abu Salim ya hau gadon sarauta, shi kuma ya saka masa da muƙamin magatakarda da na mai sauraron koke-koken waɗanda aka zalunta.

A ƙarshen 1362 ya ƙetare zuwa Garnaɗa, wajen sarki Muhammadu na 5. Sarkin ya aike shi jakadanci wurin Pedro, sarkin Kastila, a Ishbiliya, garin kakanninsa, a 1364. Pedro ya yi masa tayin ya zauna wurinsa a mayar masa da gonakin danginsa, ya ƙi. Amma zama a Garnaɗa bai ɗore ba, domin waziri Ibnul Haɗib, wanda abokinsa ne, ya fara ganin baƙon ya yi kusa da sarki fiye da kima.

A 1365 tsohon abokin nan nasa Abu Abdullahi, wanda ya riga ya sami sarautar Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yanzu, ya kira shi ya ba shi muƙami mafi girma a fada. A nan ne ya ɗanɗana karɓar haraji da hannunsa. Baitulmali ya bushe saboda yaƙi, sai ya fita da dakaru zuwa duwatsu wurin ƙabilun da suka yi shekaru ba su biya ba, ya kama mutanensu ya riƙe har aka biya. Shekara guda kawai aka yi, sarkin Ƙusanɗina ya kawo yaƙi ya kashe Abu Abdullahi, Ibnu Haldun kuwa ya miƙa masa garin. Wannan sauyin sheƙa da irinsa su ne suka sa masu sukarsa ke cewa ba ya da amanar uban gida. Ya yi kusan shekara 9 bayan haka yana yawo tsakanin Biskara da Tilimsan da Fas, sarakuna suna aikensa wurin ƙabilun Larabawan daji don ya nemo musu mayaƙa. Ta haka ya san zaman birni, ya san na ƙauye da na makiyaya.

A 1375 ya gaji. Ƙabilar Aulad Arif ta ba shi mafaka tare da iyalinsa a wani gida mai ganuwa da ake kira Ƙal'at Ibnu Salama, kusa da garin Farenda a Aljeriya. Ya yi kusan shekara 4 a can. A cikinsu ne ya rubuta Muƙaddima, a wata 5, ya gama a 1377. Gabatarwa ce ga babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar, amma ita ta fi shahara.

Yadda daula ke tashi, yadda take tsufa

Tushen bincikensa shi ne abin da ya kira asabiyya, wato haɗin kan jama'a da ke sa su tsaya wa juna. A ganinsa mutanen da suka saba da wahala, masu haɗin kai, su ne ke kafa mulki. Idan sun shiga birni suka ɗanɗana daɗi, ƴaƴansu za su riƙe abin da suka tarar, jikoki kuwa ba su san yadda aka samu ba, sai kashewa. Ya ƙiyasta cewa galibi daula ba ta wuce tsara 3, kowace tsara shekara 40, wato kamar shekara 120. Duk wanda ya ga gidan attajiri ya rushe a hannun jikoki ya san abin da ake nufi.

Maganar haraji

A nan ne ya fi taɓa ƴan kasuwa. Ya lura cewa a farkon daula haraji kaɗan ake ɗora wa kowa, amma abin da ke shiga baitulmali yana da yawa. A ƙarshenta kuwa haraji ya yi nauyi, abin da ke shiga ya ragu. Ga yadda ya warware abin. Idan abin da ake karɓa kaɗan ne, manomi zai ƙara faɗin gona, ɗan kasuwa ya ƙara jari, mai sana'a ya ɗauki yara, domin kowa ya san ribar tasa ce. Masu biya su yawaita, kuɗin ƙasa su ƙaru. To amma da zarar fada ta saba da jin daɗi, fadawa da dakaru suka yi yawa, sai kuɗi su kasa. Sai a ƙara haraji kaɗan-kaɗan yadda ba mai lura da ranar da aka ƙara, har ya zama al'ada. Daga nan a ƙirƙiro kuɗin kasuwa da na ƙofar gari a kan duk abin da aka saya ko aka sayar. Ranar da mutum ya auna wahalarsa da abin da ya rage masa ya ga ba riba, sai ya nade tabarmarsa. Masu biya su ragu, masu mulki su sake ƙarawa don cike giɓi, abin ya ƙara lalacewa.

Ya kuma nuna cewa ɗan kasuwa ba ya biyan waɗannan kuɗi daga aljihunsa, a kan kaya yake ɗora su, mai saye ne ke biya a ƙarshe. Saboda haka ne kaya suka fi tsada a biranen da kuɗin fito ya yi yawa. Ya ambaci sarakuna 2 da suka soke irin waɗannan kuɗi: Salahuddin Al-Ayyubi a Masar, inda har alhazai ake karɓa wa, da Yusufu ɗan Tashfin a Andalus. Mutanen ƙasarmu sun ga misalin wannan a 2005, lokacin da aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su garin alkama da madara da sukari. Farashi ya tashi nan da nan, aka rufe kasuwanni da shaguna a Yamai da sauran manyan garuruwa cikin watan Maris, har a watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan wasu kayan.

Sai dai kada a ɗauka yana cewa a daina biyan haraji. A wurinsa kasuwa ba ta tsayuwa sai da hukuma mai tsare hanya, mai hana ƙwace, mai tsare ma'auni da ingancin kuɗi. Har ya siffanta gwamnati da cewa ita ce babbar kasuwa wadda sauran kasuwanni ke sha daga gare ta. Idan mai mulki ya tara kuɗi ya ƙulle, bai biya ma'aikata da dakaru ba, su ma ba za su yi saye ba, ciniki ya mutu, haraji ya ragu. Mai sayar da abinci kusa da ma'aikatu ta san bambancin watan da albashi ya fito da watan da ya makara.

Idan sarki ya zama ɗan kasuwa

Akwai babi guda da ya keɓe don nuna illar mai mulki ya shiga saye da sayarwa. Idan kuɗi suka kasa, wasu fadawa kan ba sarki shawara ya yi noma da fatauci da kansa, tun da ga ƴan kasuwa na samun riba. Ibnu Haldun ya ce wannan babban kuskure ne, ya kuma jera dalilai. Talakawa jarinsu kusan ɗaya ne, suna gogayya da juna, amma ba mai iya gogayya da baitulmali. Mai kaya yana jin tsoron yi wa sarki tayi, sai ya sayar masa da araha. Idan kayan sarki suka iso, ba a jiran kasuwa ta yi kyau, sai a tilasta wa ƴan kasuwa su saya da tsada. Kuɗinsu su maƙale a cikin kayan da ba su nema ba, su karyar da su don su sami na cefane, jari ya narke. A ƙarshe ɗan abin da sarki ya ci riba bai kai harajin da ya rasa ba, domin waɗanda za su biya sun karye, kuma kayan sarki ba a karɓar musu kuɗin fito.

Ya faɗaɗa ma'anar zalunci ƙwarai. A wurinsa duk wanda ya karɓi abin da shari'a ba ta ɗora ba, ko ya sa mutane aikin tilas ba lada, ko ya hana mai haƙƙi haƙƙinsa, azzalumi ne, kuma ƙasa ce ke biyan kuɗin zaluncin. Mutumin da ya tabbata za a ƙwace abin da ya tara ba zai tara ba, ko kuma ya kwashe ya koma wata ƙasa. Don ya bayyana haka ya kawo wani labari daga masanin tarihi Al-Mas'udi, na sarkin Farisa Bahram wanda ya ji kukan mujiya, ya tambayi malaminsa me take cewa. Malamin ya ce namiji ne ke neman aure, macen ta ce sadakinta ƙauyuka 20 da suka zama kufai, namijin ya ce idan sarkin nan ya daɗe a kan mulki ko 1000 take so za ta samu. Sarkin ya gane, ya karɓe gonaki daga hannun fadawansa ya mayar wa manoma.

Farashi da halin ƴan kasuwa

Tun kusan shekara 400 kafin Adam Smith na Birtaniya ya fitar da littafinsa a 1776, Ibnu Haldun ya rubuta cewa aikin ɗan Adam shi ne asalin dukiya, kuma rarraba aiki ke yawaita ta. Mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa ko da abincin yini, amma idan mutum 6 ko 10 suka haɗu, wani maƙeri, wani masassaƙi, wani mai huɗa, wani mai girbi, abin da za su samu ya ninka buƙatarsu, rarar kuwa ita ke zama ciniki. Shi ya sa babban gari ya fi ƙarami arziki. Ya ba da misali da abin da ya gani: mabaratan Fas a lokacin Layya har kuɗin dabba suke roƙo, da nama da man shanu, abin da in an roƙa a Tilimsan ko Wahran sai a kore mutum.

Ya yi bayani cewa kaya na tsada idan sun yi ƙaranci kuma masu nema sun yi yawa, su faɗi idan sun yawaita. Ya ce araha mai daɗewa tana karya manomi da ɗan kasuwa, tsada mai tsanani ma tana cutarwa, lafiyar kasuwa tana cikin matsakaicin farashi da saurin juyawar kaya. Ya shawarci fatake su ɗauki kayan da kowa ke buƙata, masu matsakaicin kyau, domin masu sayen na ƙoli kaɗan ne. Ya yi gargaɗi a kan ɓoye hatsi don jiran tsada, ya ce ribar da ake samu ta haka ba ta yin albarka.

Bai yi wa ƴan kasuwa ado ba. Ya ce sana'ar tana jawo gardama da wayo da yawan rantsuwa, kuma masu saye da yawa suna cin bashi su musanta. Don haka mai son ya tsira da jarinsa sai ya iya lissafi, ya rubuta abin da ke tsakaninsa da mutane, ya kuma zama mai ƙarfin halin zuwa gaban alƙali. In ba haka ba, sai ya sami wani babba da zai fake a bayansa. Wannan ma bincike ne a kan mulki: inda shari'a ba ta da ƙarfi, wanda ya san manya shi ke arziki, ko da wani ya fi shi iya ciniki.

Abin da ya rubuta a kan ƙasashenmu

Ibnu Haldun bai taɓa ƙetare Sahara ba, amma ya yi ta tambayar waɗanda suka fito daga kudu. Ya rubuta cewa fataken da ke shiga ƙasashen baƙar fata sun fi kowa dukiya, saboda nisan hanya da ƙishirwa da haɗari sun sa masu zuwa kaɗan ne, kaya kuwa na tsada a kowane ɓangare. Ya ce a 1353 ya haɗu da jakadan sarkin Takadda a Biskara, wanda ya ba shi labarin wani ayari mai raƙuma 12,000 da ya bi ta garinsu a shekarar zuwa Mali. Masu binciken kufai suna danganta Takadda da Azelik, a yankin Ingal cikin jihar Agadas. A wannan shekara ce kuma matafiyi Ibnu Baɗuɗa ya sauka Takadda ya ga cinikin jan ƙarfe.

Jerin sarakunan Mali da masana ke amfani da shi yau, yawancinsa daga littafinsa ya fito. Ya ba da labarin raƙumin dawa da sarkin Mali Mari Jata na 2 ya aika Fas kyauta, jama'a suka yi dafifi don kallo. Ya kuma rubuta cewa wannan sarki ya yi almubazzaranci har ya kusa rusa daular, ya sayar wa fataken Masar da wani babban curin zinariya na gadon gidansu a kan kuɗi ƙalilan, daga baya ciwon barci ya kashe shi wajen 1373. Labarin ya zo daidai da abin da ya faɗa a kan jikokin da ke watsar da abin da kakanni suka tara.

Zamansa a Masar

Ya koma Tunis a ƙarshen 1378, amma hassada tsakaninsa da babban malamin garin, Ibnu Arafa, ta hana shi sakat. A 1382 ya nemi izinin tafiya hajji, ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariya, bai sake komawa gida ba. Alƙahira ta ba shi mamaki saboda girmanta da cikar kasuwanninta. Ya koyar a Azhar, sa'annan a 1384 sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya. Ya tarar da shaidun zur da cin hanci da wasa da dukiyar waƙafi, ya sa hannu ya hukunta, bai saurari roƙon manya ba, ya tara maƙiya. A cikin wannan hali ne jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariya. Bai cika shekara a kan kujerar ba aka sauke shi. Ya sauke farali a 1387.

Ko a Masar siyasa ba ta ƙyale shi ba. A 1389 aka yi wa Barƙuƙ tawaye, Ibnu Haldun ya sa hannu tare da wasu malamai a kan fatawar da ta soki sarkin. Da Barƙuƙ ya dawo mulki, sai ya raba shi da wani muƙami mai tsoka.

A ƙarshen 1400 ya raka sabon sarki Faraj zuwa Dimashƙa don tarar Taimur, mayaƙin da ya fito daga Samarƙand yana cin ƙasashe. Faraj ya ji ƙishin-ƙishin juyin mulki a gida, ya juya ya bar garin. A watan Janairu 1401 aka zura Ibnu Haldun da igiya daga kan ganuwa, yana ɗan shekara 68, ya je sansanin Taimur. Ya yi kwana 35 yana kai da komowa wurinsa, ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib kamar yadda ya nema, ya kuma roƙa wa wasu ma'aikata aminci. Duk da haka an tatse mutanen Dimashƙa, aka washe garin, wuta ta ci babban masallacinsa. A hanyar komawa ƴan fashi suka tare shi suka kwashe kayansa.

Sau 6 ana naɗa shi alƙali a Alƙahira. Yana kan naɗin na ƙarshe ya rasu, ranar 26 ga Ramadan 808, daidai da 17 ga Maris 1406. An binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Babun Nasr.

Bayan rasuwarsa

Almajirinsa Al-Maƙrizi, wanda ya taɓa riƙe muƙamin mai duba kasuwannin Alƙahira, ya bi sawunsa. A 1405 ya rubuta littafi a kan yunwa da tsadar da suka addabi Masar, ya nuna cewa ƙarancin ruwan Nilu kaɗai bai isa ya jawo bala'in ba. Ya ɗora laifin a kan sayen muƙamai da cin hanci, da ƙara wa manoma kuɗin gona, da cika kasuwa da kuɗin jan ƙarfe marasa daraja.

Malaman daular Usmaniyya ta Turkiyya sun karanta Muƙaddima suna neman dalilin raunin daularsu. An buga ta a Masar a 1857, a Paris a 1858, aka fassara ta da Faransanci daga 1862 zuwa 1868, da Ingilishi a 1958. A watan Oktoba 1981 shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambaci sunan Ibnu Haldun a gaban ƴan jarida don ya kare shirinsa na rage haraji. Amma ya ɗauki rabin maganar ne, domin malamin ya haɗa sauƙin haraji da taƙaita kashe kuɗin fada. A Amurka giɓin kasafin kuɗi ya ƙaru, har a 1982 aka sake ɗaga wasu haraji. Ƙasar Tunisiya ta taɓa sa hotonsa a kan takardar dinari 10, akwai kuma mutum-mutuminsa a tsakiyar birnin Tunis.

Tambayar da ya buɗe ita ce masana ke bi har yau. A 2024 an ba Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda binciken da suka yi a kan yadda tsarin mulki da dokoki ke sa wata ƙasa ta yi arziki wata ta talauce. Sun yi aiki da alƙaluman ƙasashe masu yawa, abin da babu shi a zamanin Ibnu Haldun, amma sun tsaya kusa da inda ya tsaya: wurin da mutum ya amince ba za a ƙwace guminsa ba, nan jari ke zama. Fataken Maraɗi da Birnin Ƙonni da suka ga yadda ciniki ya tsaya lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 sun san cewa shawarar da aka yanke a fada tana iso wa rumfa kafin mako ya zagayo.

Ibnu Haldun mutum ne mai son muƙami, ya sauya iyayen gida sau da yawa, kuma wasu hukunce-hukuncensa a kan al'ummomin da bai gani da idonsa ba, har da baƙar fata, sun bi kuskuren mutanen zamaninsa. Amma a kan haraji da kasuwa da zalunci, abin da ya gani ya rubuta, ya kuma bar wa masu mulki da masu biya ma'aunin da za su duba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.